DAGA RIBAR SHANU ZUWA ƊAKIN HAYA: SANNU BA TA HANA ZUWA

Duk wanda ya daɗe yana saukar da shanu daga Burkina, Nijar ko Mali, ya biyo da su ta Paga ko Bawku har Kumasi, ya san dukiya mai ƙafa huɗu ba ta da tabbas. Yau ciwo, gobe ɓarayi, jibi mota ta kife. Sannan ga canji: mu saya da sefa, mu sayar da sidi. A watan Disamba na 2022 tsadar kaya a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin da aka ajiye a akwati ya narke. Ginin bulo kuwa yana nan inda aka bar shi.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce a Zango. Iyayenmu masu gida a Akwatialine da kewaye da ɗakuna suka riƙe kasuwa. Baƙo ya sauka, maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa kan bashin mahauta. Gidan shi ne jarinsa, shi ne mutuncinsa.

To, yaya ake farawa? Da farko, uwar kuɗi ba a taɓa ta. Daga riba kaɗai ake cirewa, kowace tafiya a ware wani abu. Wannan karo bulo, wani karo siminti da rodi, wani kuma kwano. A gama ɗaki biyu da makewayi da ruwa, a sa 'yan haya, kuɗinsu ya taimaka wajen tayar da na uku. Da yayyafi kogi kan cika. Cikin tsohon Zango fili ya yi wuya, saboda haka da yawa sukan nemi na bayan gari.

Amma kafin bulo na farko, takarda. Yawancin ƙasar Kumasi ta sarauta ce, a ƙarƙashin Asantehene, wato hayar shekaru ake ba mutum, ba mallaka ta har abada ba. Takardar da sarkin yanki ya bayar ba ta isa ba, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene da Hukumar Filaye ta gwamnati an yi rajista. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya sani, sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 bai yarda a ba shi fiye da shekara 50 a karo ɗaya ba. Kada mu manta da Nuwamba 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutane da yawa sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu sun bar su hannun amana ba tare da rubutu ba. Haka nan gidan gado: kada a biya ko sisi sai duk magada sun sa hannu gaban shaidu.

Sai batun kuɗin haya na gaba. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata shida, ko da yake al'ada ta sa ana karɓar na shekara biyu. Jama'a, wannan kuɗi bashi ne a wuyanmu. In ka zuba shi a shanu suka yi asara, ka zauna wata 24 ba shiga, ga ɗan haya a ɗaki, ga rufi yana yoyo. Kuma sidin da ka karɓa yau ba zai sayi simintin baɗi ba. Gara a karɓi kaɗan, a rubuta yarjejeniya, a ware na gyara da na haraji.

Haya ba ta kawo ribar tirela ɗaya ta shanu a lokacin Babbar Sallah, wannan gaskiya ne. Amma ran da ƙafa ta gaza hawa mota, ita za ta ciyar da iyali, ita kuma za mu bar wa marayu. A rubuta komai da sunan mai shi tun yana da rai.

Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.