Hawan Keke a Kan Titi

Yawancinmu a fili ko a lungun unguwa muka koyi keke, muka ɗauka cewa da zarar mutum ya daina faɗuwa to ya iya. Amma kwalta dabam take, domin a can tirela da motocin haya ne abokan tafiyarmu.

Bari mu fara da birki. Da yawa cikinmu muna tsoron birkin gaba, wai zai kifar da mu. Alhali kuwa shi ne ya fi ƙarfin tsayar da keke, domin idan aka ja birki nauyin mahayi kan koma kan tayar gaba. Na baya shi kaɗai jan taya yake yi a ƙasa. Dabarar ita ce a matsa duka biyu a hankali, a miƙe hannuwa, a ja jiki baya a kan sirdi. Mai gudun kilomita 20 a awa yana cin mita 5 da rabi kowace daƙiƙa, kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ya ninka huɗu. Da damina abin ya fi muni, gama robar birki ba ta kama jiƙaƙƙen ƙarfe da wuri.

A kwana, a rage gudu tun kafin a shiga. Fedar da ke waje ta kasance a ƙasa, a taka ta da ƙarfi, ido kuma ya dubi inda za a fita. Keke yakan bi ido, shi ya sa mai kallon rami yakan faɗa cikinsa. Yashin bakin titi kuwa, a ratsa shi a miƙe, ban da birkin gaba.

Tun shekarar 1972 ake tuƙi a hannun dama a Nijeriya, saboda haka juyawa hagu ya fi haɗari. A waiwaya, a miƙa hannu, a sake waiwayawa. Waiwayen ma sai an koya, don keke yakan karkace ya bi kafaɗa. Layin filin ƙwallo ya isa wurin gwaji.

Babbar mota kuma, kada a kutsa tsakaninta da bakin titi kusa da mararraba. Direban ba ya ganinmu a nan, kuma tayoyin baya sukan yanke kwana fiye da na gaba.