Ina Ƴan Amshi a Shafin Mujalla?

Duk wanda ya taɓa halartar biki a Urafane, ko a karkarar Tasawa da Mayahi, ya san makaɗi ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai jagora mai ba da waƙa, akwai ƴan amshi, akwai masu kalangu ko ganga, ga kuma sanƙira yana shelar sunan wanda ya yi kyauta. Amma in aka buɗe mujallar da ta ba da labarin makaɗi irin wannan, galibi fuska ɗaya ake gani.

Ba ƙeta ce ta kawo haka ba, tsari ne aka gada. A shekarar 1962 aka fara buga Salut les copains a Faransa, da hoton tauraro a bangon mujallar, da sunansa cikin manyan baƙaƙe, da wani babban hoto a ciki wanda samari ke cirewa su liƙa a ɗaki. A Amurka kuwa, fitowar farko ta Rolling Stone a 1967 hoton John Lennon kaɗai ta ɗauka, alhali ƴan Beatles su huɗu ne. Mai sayarwa ya san ido ya fi saurin kama fuska guda daga nesa.

Wannan riga ta yi wa Ɗanmaraya Jos daidai, domin shi da kuntiginsa ne kurum. Alhaji Mamman Shata kuwa ta yi masa kaɗan. Waƙarsa a kan amshi da kalangu take tafiya, amma a ƙarƙashin hoto abin da ake yawan rubutawa shi ne makaɗi tare da jama'arsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana karɓi, sai ya tsufa sunansa bai taɓa hawa takarda ba. Bayan jagora ya rasu, waɗannan mutane ne ke riƙe da waƙoƙin a ka, kuma su ne mai bincike zai nema bai san sunan kowa ba.

Matsalar ta fi tsanani wajen buga waƙar kanta. An raba shafi gida uku ko huɗu masu ƙunci, sai mai tsarawa ya yanke amshi, wai maimaici ne mai cin wuri, ya jera sauran tamkar rubutacciyar waƙa. Alhali amshin shi ne gindin waƙa. Maganin yana nan a littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano: a sa gindin waƙa a sama, a rubuta Jagora a gaban abin da jagora ya faɗa, a rubuta Ƴan Amshi a gaban nasu. Mai karatu zai ji muryoyin suna karɓeɓeniya ko da babu kiɗa.

Sai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda taron Bamako na 1966 ya amince da su. Sau da yawa ana kiyaye su cikin labari a yar da su a kanu, don rubutun ado da aka zaɓa ba shi da ƙ ko ɗ. Nan ne makaɗin da ya yi wa baƙi waƙa zai wayi gari ya yi wa baki.

Gyaran hoto bai da tsada. A bar wa bango fuskarsa guda, a ciki kuma a shimfiɗa ƙungiyar a kan shafi biyu, a rubuta sunan kowa da abin da yake kaɗawa, daga hagu zuwa dama.