Peter Wilson, Dillalin da Ya Ci La'ada Gaba da Baya

Manomin rani na Kura ko Bunkure ya san al'adar dillanci: mai kaya shi ke biyan la'ada, kwandon tumatir ne ko buhun shinkafa. Haka ma abin yake a manyan gidajen gwanjon Landan kafin 1975.

Peter Wilson ya shiga kamfanin Sotheby's a 1936, ya shugabance shi daga 1958 zuwa 1980. A shekarar da ya hau kujera ya yi gwanjon zane-zane bakwai na Goldschmidt da dare, attajirai sun caɓa ado sai ka ce biki, aka tashi da fam 781,000 cikin minti 21. A 1964 kuma ya saye Parke-Bernet na New York.

To, a 1975 ne Christie's da Sotheby's suka ɗora wa mai saye kashi 10 cikin ɗari, ban da abin da ake zare wa mai kaya. 'Yan kasuwar zane suka yi caa, har da zuwa kotu, amma la'adar ta zauna daram. Da Nijeriya ta je Sotheby's a 1980 domin sayo kayan tagullar Benin, waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897, ita ma sai da ta biya.