Ƙauyen Da Ba Mai Kwana A Cikinsa

A gefen garin Cloppenburg, can Arewacin ƙasar Jamus, akwai wani ƙauye mai gidaje da rumbuna da makaranta, amma ba mai kwana a cikinsa. Galibin gine-ginen nan ba a wurin aka fara kafa su ba. Daga wasu ƙauyuka aka kwance su aka kawo, don jama'a su riƙa zuwa suna ganin irin zaman da kakanninsu suka yi.

Mai karatu zai ce, yaya ake kwance gida? To, asirin yana ga yadda ake gina shi. Masassaƙa ne ke fara haɗa ƙashin gidan da manyan ginshiƙai na itace mai ƙarfi, su fafe bakin wannan su cusa kan wancan, sa'an nan su soke da turakun itace maimakon ƙusa. Tsakanin ginshiƙan sai a saƙa tsumagu a yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa, ko kuwa a cike da tubali. Tun ran sassaƙa akan yi wa kowane itace alama don a san abokin haɗinsa. Saboda haka ko bayan shekara ɗari biyu, in an zare turakun, sai gidan ya rabu gaɓa gaɓa, a loda shi a mota, a tayar da shi a wani wuri.

Irin gidan manoman Arewacinsu abin kallo ne ƙwarai. Rufi ɗaya ne tak, mai tsawo, na jinka, ya lulluɓe mutane da dabbobi da amfanin gona gaba ɗaya. Ƙofarsa har keken doki mai kaya yana shiga. Da shiga sai wani fili inda ake sussuka, shanu da dawaki na ɗaure dama da hagu, hatsi yana bisa. Can ƙurya ga murhu, inda uwargida takan zauna tana girki tana duban kowa da kome. Tsofaffin gidajen ba su da bututun hayaƙi. Hayaƙin yakan bi cikin gida ya busar da hatsi, ya ƙyafe naman da aka rataye, ya hana ƙwari cin itace. Amma kada mu ruɗu da kyan gani: mutanen sun sha tari da sanyi, kuma da suka sami hali, su da kansu suka guje wa wannan zama. Da tarakta ta zo, aka shiga rushe gidajen.

Dabarar tara tsofaffin gidaje a fili daga Suwidin ta yaɗu, inda Artur Hazelius ya buɗe Skansen cikin 1891. Abin da ya fi jan hankalinmu, mu ma'aikatan ilmi, shi ne wanda ya kafa na Cloppenburg cikin 1934 malamin makaranta ne, Heinrich Ottenjann, wanda ya fara da tara kayan manoma a makarantarsa. Cikin watan Afrilu na 1945, yaƙi na gab da ƙarewa, babban gidan da ya fi alfahari da shi, watau Quatmannshof, ya ƙone ƙurmus. Aka sake gina shi bisa awon da aka ɗauka tun farko, aka gama cikin 1962, shekara guda bayan rasuwar malamin. Daga baya wasu lardunan suka bi sawu. Na Detmold, wanda aka buɗe cikin 1971, yana da gine-gine fiye da ɗari.

Duk da haka masanansu na yanzu sun fi son a gyara gida inda yake, sai in ba makawa a ɗauke shi. Muna ganin suna da gaskiya, gama gidan da aka raba da gonarsa da maƙwabtansa rabin labarinsa kaɗai yake bayarwa.

Mu kuwa ba mu da wannan zaɓi. Soron ƙasa ba ya kwantuwa, in an taɓa shi sai ya koma turɓaya. Shi ya sa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos kwaikwayo aka gina, na Masallacin Juma'a na Zariya da na ganuwar Kano. Su ma kwaikwayon, in damina biyu ko uku ta wuce ba a kira magina sun yi yaɓe ba, sai bango ya fara zubewa.