Tsabar Kuɗi, Sankirar Sarakunan Dā

A zamanin da babu rediyo balle jarida, manomi a ƙauyen Masar ko soja a bakin daga zai iya tsufa har ya mutu bai taɓa ganin mai mulkinsa ido da ido ba. Amma tsabar kuɗi kam tana shiga hannun kowa. Sarakunan Rum sun gane haka, sai suka mai da ita sankirarsu.

A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka buga fuskar Yuliyas Kaisar a kan sulallan azurfa a birnin Rum yana raye, alhali bisa al'ada gumaka da magabata ake sawa. A wasu ma har an rubuta cewa shi ne mai mulki na din-din-din. 'Yan majalisa da dama tun tuni suna zarginsa da kwaɗayin sarauta, kuma a watan Maris na shekarar suka kashe shi. Bayan shekara biyu Burutus, ɗaya daga cikin makasan, ya buga nasa kuɗin: wuƙaƙe biyu, a tsakiyarsu hular da ake sa wa bawa in an 'yanta shi, a ƙasa kuma ranar kisan. Wato dai, "Mun raba ku da bauta." Sai dai a ɗaya gefen, fuskar Burutus ce da kanta!

Da Sarki Agustas na Rum ya ci Masar, hoton kada ya sa a kan kuɗinsa. Bayan Rumawa sun rushe Kudus a shekara ta 70 miladiyya, kuɗin Sarki Basfasiyan ya nuna mace zaune gindin dabino ta yi tagumi. Ko wanda bai iya karatu ba ya san wa ya sha kashi.

Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya bi wata hanyar. A shekara ta 77 bayan Hijira ya fitar da dinare babu hoto, sai kalmar shahada da ayoyin Alƙur'ani, don a san daular Musulunci ta daina aron tambarin Rumawa.

Mai nazari dai ya yi hattara, domin kuɗi abin da sarki ke so a ji yake faɗa. A ƙarni na 3 miladiyya, lokacin da sojoji ke ta kifar da sarakunan Rum, an yi ta buga sulalla masu shelar haɗin kan sojoji da biyayyarsu.