Ba Kowane Ƙarancin Jini Ne Ke Jin Maganin Kemis Ba

Tun da tsadar abinci ta sa ake yawan tattauna ƙarancin jini a rediyo, shawarar ba ta wuce a ci zogale a sha maganin ƙarin jini. Matsalar babba ce: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49. Sai dai akwai nau'in da ba rashin abinci ke kawo shi ba. Dillalin shanu a kasuwar Alhamis ta Maigatari, mai cin tsire kullum, yana iya kamuwa.

Garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata fatar tumbi, sai ya daina fitar da sinadarin da ke taimaka wa hanji tsotsar bitamin B12. Alamominsa kasala, haki, harshe ya yi ja sumul, ƙafafu su riƙa dindiris, tafiya da tangaɗi, sai mantuwa.

A da ajali ne. Thomas Addison ya bayyana ciwon a Landan a 1849, aka shafe shekara fiye da 70 babu magani. A 1926 likitoci biyu a Boston ta Amurka, George Minot da William Murphy, suka riƙa ɗura wa majinyata hanta mai yawa kullum, waɗanda aka cire wa rai suka miƙe. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Sai a 1948 aka ware B12 ɗin kansa. Yau allura ce: a jera ta da farko, daga baya duk wata biyu ko uku, har ƙarshen rayuwa.

Haɗarin yana kemis. Folik asid da ke cikin magungunan ƙarin jini yakan gyara jinin, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa, wani lokaci ba gyara. Mai kemis a Gagarawa ko Sule Tankarkar da ya ji dattijuwa na kukan ƙafa da kasala ya ji tsoron Allah ya tura ta asibiti. Ya kamata kuma Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta tabbatar ana gwajin B12 a Babban Asibitin Gumel, da allurar a farashin da talaka zai iya. Me ake jira?