Kamfanin da Gwamnati Ke Riƙe wa Sanda

Ranar 30 ga Yunin 2025 aka tsayar wa manyan kamfanonin fasaha na Amurka su fara biyan gwamnatin Kanada harajin kashi 3 cikin ɗari na kuɗin da suke samu daga mutanen ƙasar. Majalisa ta zartar da dokar tun 2024, masu karɓar haraji sun shirya, kuɗin zubin farko kuwa sun doshi dala biliyan 2. Ana saura kwana uku, sai shugaba Donald Trump ya shelanta cewa ya katse duk wata tattaunawar ciniki da Kanada saboda wannan haraji. Kafin a wayi gari ranar biya, gwamnatin Mark Carney ta ce ta janye shi. Ba a je kotu ba, ba a sake zaɓe ba. Google da Amazon da Meta ba su ma buƙaci shiga fage da kansu ba, akwai wanda ya shigar musu.

Kanada fa ba kanwar lasa ba ce. Tana cikin ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki da ake kira G7, ga ta maƙwabciyar Amurka kuma abokiyar cinikinta ta ƙut da ƙut. Idan irin wannan ƙasa ta haɗiye dokarta cikin kwana biyu, duk wanda ke zaune a ƙasar da ba ta kama ƙafarta ba ya kamata ya shiga taitayinsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne haɗin bakin da ke ƙara ƙarfi tsakanin manyan kamfanonin fasaha da gwamnatocin ƙasashensu. A da, kamfani kan yi gogayya da kamfani a kasuwa, gwamnati kuma ta tsaya a matsayin mai raba gardama. Yanzu duk ƙasar da ta ce za ta karɓi haraji daga waɗannan kamfanoni, ko ta tuhume su kan yadda suke sarrafa bayanan jama'arta, sai ta tarar da kuɗin fito mai tsanani na jiran kayanta a tashar jiragen ruwan wata ƙasa. Manomi da masaƙi da mai tuƙa babbar mota, waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, su ake kamawa a yi garkuwa da abincinsu.

Faransa ce ta fara ɗanɗana wannan. A Yulin 2019 ta kafa harajin kashi 3 cikin ɗari a kan kamfanonin intanet masu samun fiye da yuro miliyan 750 a duniya. Dalilinta a fili yake: kamfani na tara kuɗin talla daga Faransawa, sai ya rubuta ribar a wata ƙasa mai sauƙin haraji kamar Ayaland, ya bar Faransa da hannu wofi. Amurka ta ɗauko sashe na 301 na dokar cinikinta ta 1974, ta yi barazanar ɗora kuɗin fito har kashi ɗari bisa ɗari a kan cuku da jakunkunan mata da kayan kwalliya da giyar Faransa. Me ya haɗa mai tatsar nono a ƙauyen Faransa da ribar Facebook? Babu, illa an gano cewa ta wurinsa za a fi jin zafi. Kada kuma wani ya ce halin mutum ɗaya ne. A Yunin 2021 gwamnatin Joe Biden ta shelanta irin wannan kuɗin fito a kan Ingila da Indiya da Italiya da Sifen da Turkiyya da Ostiriya, ta rataye shi a kansu har a ga yadda sulhu zai kaya. Indiya ta ci gaba da ja da baya, har ta soke harajin kashi 6 cikin ɗari na tallan intanet a Afrilun 2025.

Abin takaicin shi ne, laifin da ake hana wasu hukuntawa, a gida an san laifi ne. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta na wata kotun tarayya a Washington ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ta hanyar da doka ta haramta. A zaman shari'ar aka ji cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 domin ya kasance shi ne injin binciken da mutum zai tarar a wayarsa ko kwamfutarsa, kuma kaso mafi tsoka Apple ne ya kwashe. Waɗanda muke ɗauka kishiyoyin juna ne, ashe a bayan fage rabon kasuwa suke yi. To amma da Tarayyar Turai ta ci Apple tarar yuro miliyan 500, ta ci Meta miliyan 200 a Afrilun 2025, sai aka ce ai cin zarafin kamfanonin Amurka ne.

Wanda ya kalli bikin rantsar da Trump a Janairun 2025 ya ga su wa aka zaunar a gaba: jiga-jigan kamfanonin fasaha, Mark Zuckerberg da Jeff Bezos da Sundar Pichai da Elon Musk. Kafin bikin, Zuckerberg ya faɗa da bakinsa cewa zai haɗa kai da shugaban domin tunkarar gwamnatocin da ke matsa wa kamfanonin Amurka. Alheri kuwa ba ya tafiya hanya ɗaya. A Agustan 2025 aka ji cewa Nvidia da AMD sun yarda su ba gwamnatin Amurka kashi 15 cikin ɗari na kuɗin wasu ƙwaƙwalen kwamfuta da za su sayar wa Sin, a bakin lasisin fitar da su. A cikin watan dai gwamnatin ta mallaki kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarin Intel. Gwamnatin da ke da rabo a cikin ribar kamfani, ta yaya za ta yi wa abokin hamayyarsa adalci?

Wannan haɗin baki yana da fuska ta biyu da ta fi ta farko muni: idan gwamnati ta ce a kashe wa wane fitila, kamfani ba ya da ta cewa. A Mayun 2019 Amurka ta sa Huawei na Sin a jerin kamfanonin da aka hana hulɗa da su. Nan take Google ya janye manhajojinsa daga sababbin wayoyin kamfanin. Wayar Mate 30 ta fito a Satumban 2019 ba Gmail, ba YouTube, ba taswirar Google, ba rumbun sauke manhaja. Kamfanin da ya taɓa zama na ɗaya a duniya wajen sayar da wayoyi a tsakiyar 2020, kafin shekarar ta ƙare sai da ya sayar da reshensa na Honor don kada su nutse tare. Huawei ya farfaɗo daga baya, domin yana da Sin a bayansa da kasuwar mutum fiye da biliyan ɗaya. Wane kamfani ne a Afirka zai sha wannan duka ya tashi?

Akwai masu murna idan sun ji Sin ta rama, kamar wani ɗan'uwansu ne ya yi nasara. Su daina. Sin ta toshe Facebook tun 2009, Google kuma ya kwashe injin bincikensa daga can a 2010. Dokarta ta leƙen asiri ta 2017 ta wajabta wa ƙungiyoyi da 'yan ƙasa su ba hukumomin tsaro haɗin kai. Da attajiri Jack Ma ya soki masu kula da harkar kuɗi a ƙarshen 2020, aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant ana saura kwana biyu, shi kuma ya yi watanni ba a jin ɗuriyarsa. Tun Agustan 2023 ta fara taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom da ake buƙata wajen ƙera kayan lantarki. Can gwamnati ce ke riƙe da akalar kamfani, a Amurka kuma ba a cika gane wa ke riƙe da ta wa ba. Ga wanda ke tsaye a waje, duk kanwar ja ce.

Su kansu kamfanonin sun koyi yin barazana ba tare da jiran kowa ba. A Fabrairun 2021 Ostireliya ta ce su riƙa biyan gidajen jarida kuɗin labaransu. Jama'a suka wayi gari Facebook ya share labarai gaba ɗaya daga shafinsa, har da shafukan wasu hukumomin lafiya da na hasashen yanayi, ana tsakiyar annobar korona. Sai da aka sassauta dokar ya dawo da su. A Agustan 2023 Meta ya yi wa Kanada haka, daidai lokacin da wutar daji ta sa ake kwashe mutanen garin Yellowknife, suna neman labarin hanyar da za su bi.

Wutar ta riga ta iso mana. A Yulin 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bayan binciken wata 38 kan yadda WhatsApp da Facebook ke sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Kotun musamman ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025. Amsar da aka samu a takardun kamfanin na kotu ita ce, ana iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Wannan magana ta girgiza mutane, kuma da dalili. Duba wayar da ke hannun mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Tecno ce ko Infinix, ƙirar kamfanin Transsion na Sin. Manhajar da ke tafiyar da ita Android ce ta Google. Hotunan kayanta suna kan Instagram. Odar da ake yi mata daga Maraɗi da Kumasi ta WhatsApp take shigowa, sunayen kwastomominta na shekara da shekaru kuma babu su a ko'ina sai a nan. Ranar 4 ga Oktoban 2021, da shafukan Meta suka ɗauke na kimanin awa shida saboda matsalar na'ura kawai, irinta da yawa sun zauna suna kashe waya suna kunnawa, suna zagin kamfanin layi da bai san komai ba. Wancan kuskure ne. A yi tunanin ranar da za a yi shi da gangan.

Har hanyar da intanet ke biyowa tana komawa hannunsu. Wayar ƙarƙashin teku ta Equiano da ta iso Legas a 2022 ta Google ce, Meta na cikin manyan masu ta 2Africa, Starlink na Musk kuma ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin ya shiga Nijar da Chadi. Ba na musun amfaninsu. Wanda ya taɓa hawa tudu neman sabis ya san darajarsu. Amma a lura da Lesotho: a farkon Afrilun 2025 aka ɗora mata kuɗin fito na kashi 50 cikin ɗari, kafin watan ya raba tsakiya ta ba Starlink lasisi.

Mu da tarihinmu bai kamata a yi mana bayani mai tsawo ba. Kafin sojan Ingila su zo ƙasar Hausa, kamfani ne ya riga su. A 1885 Joseph Thomson ya kai takardun yarjejeniya Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin George Goldie, wanda shekara guda bayan nan ya sami izinin sarautar Ingila ya zama Royal Niger Company. Ya kafa kuɗin fito da lasisin da suka kori 'yan kasuwar ƙasa daga kogin Kwara, har mutanen Nembe suka kai wa hedikwatarsa ta Akassa hari a 1895. A 1900 gwamnatin Ingila ta biya shi fam 865,000 ta karɓi ragamar. Ba cewa nake Google zai zo da bindiga ba. Cewa nake takardar ciniki da aka sa wa hannu ba tare da an san zurfinta ba ta taɓa cinye mu.

Irin waɗannan takardu ake rubutawa yanzu. A yarjejeniyoyin da Amurka ta ƙulla da Malesiya da Kambodiya a Oktoban 2025, akwai alkawarin ba za su kafa harajin intanet da zai ware kamfanonin Amurka ba. Za a kawo wa ƙasashenmu makamancinsa a naɗe cikin alkawarin sassauta kuɗin fito. Najeriya da Kenya sun ƙi sa hannu a yarjejeniyar harajin ƙungiyar OECD ta Oktoban 2021 saboda sun ga rabon da aka ware musu bai taka kara ya karya ba, wato an san yadda ake cewa a'a. Sai dai ƙasa ɗaya ba ta iya jure matsin ita kaɗai. Tun da Tarayyar Afirka ta amince da ƙa'idar cinikin intanet ta nahiyar a Fabrairun 2024, a nan ya kamata a tsayar da magana ɗaya.

Ɗan kasuwa ya kwafe lambobin kwastomominsa a littafi tun yau, ya buɗe wata hanyar da za su same shi in shafi ya rufe. Gidan jarida ya raya shafinsa da rediyonsa, ya daina zuba dukan labaransa a dandalin da ba nasa ba. 'Yan majalisa kuma, a Abuja ne ko Accra ko Yawunde, duk yarjejeniyar ciniki da ta ambaci haraji a kan kamfanonin intanet ko fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje, su nemi a shimfiɗa ta a zauren majalisa, a karanta ta sashe bayan sashe, a fassara ta a rediyo da harsunan da jama'a ke ji, kafin wani minista ya ɗauki alƙalami.